R4: kotu ta hana shi, jabu ya binne shi

Ranar Asabar na shiga wani shagon gwanjon kayan lantarki a Nipponbashi, unguwar da ke nan Osaka wadda in ka kira ta Farm Centre ɗinsu ba ka yi ƙarya ba, sai dai babu mai tare ka yana "Yallaɓai, saye ko sayarwa?" A can ƙurya akwai kwandunan da suke zuba kayan da ba su ba da tabbacin lafiyarsu ba. Nan na tsinci Nintendo DS fara, na'urar wasan gem ta hannu, maɗaurin murfinta ya tsage, kuɗinta bai kai na kwanon taliya biyu ba. Da na koma gida na zazzage tsohuwar jakar da na zo da ita daga Kano, na ciro ɗan kaset ɗin da na san yana ciki: R4.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, girmansa bai wuce kan sarkin wasiƙa ba, sak irin kaset ɗin gem na DS, sai dai yana da wata 'yar kafa da ake zura memori irin na waya. Ka zuba wasanni daga kwamfuta, ka zura, ka kunna, shi ke nan. DS ta fito ne a ƙarshen 2004, kuma an sayar da ita sama da miliyan 154 a duniya, don haka duk wanda ya ƙera mabuɗin buɗe ta ya samu kasuwa. Kafin R4 akwai irin su SuperCard da M3, waɗanda ake sakawa a kafar ƙasa ta kaset ɗin Game Boy Advance, na'urar Nintendo da ta gabaci DS, sannan a haɗa da wata 'yar na'ura mai suna PassMe da za ta yaudari injin. Aiki ne na masu haƙuri. R4 ya ɓullo daga Sin a wajajen farkon 2007 ya share duk wannan wahala. Memorin da yake ɗauka bai wuce gig 2 ba, amma gig 2 na cin wasanni ashirin ko talatin, a lokacin da wasa ɗaya a nan Japan yake kusan yen 5,000.

Su a nan "majikon" suke ce masa. Wani abokin aikina da ya girma a Osaka ya ba ni labarin yadda a 2008 ake jera shi a bainar jama'a a wannan unguwa, iyaye na saya wa yara kamar alewa. A watan Yulin shekarar Nintendo da wasu kamfanoni 54 suka maka masu shigo da shi a kotun Tokyo, a Fabrairun 2009 kotu ta hana shigo da shi da sayar da shi. Ingila ta bi sahu a Yulin 2010, a shari'ar da Nintendo ta yi da kamfanin Playables. A ƙarshen 2011 gyaran da Japan ta yi wa dokarta ya fara aiki, sayar da shi ya zama laifin da ke kai mutum gidan yari. In ka tambayi mutanen nan me ya kashe majikon, wannan jerin za su karanto maka, kuma da alfahari suke faɗa.

Ni dai ban gamsu ba. Tun kafin alƙali ya buɗe baki, masu R4 na asali sun naɗe tabarmarsu. Manhajarsu ta ƙarshe, mai lamba 1.18, a 2008 ta fito, daga nan tsit. Abin da ya biyo baya shi ne ambaliyar jabu: R4 SDHC, R4i, R4i Gold, da wasu barkatai, kowanne da kwali mai ƙyalli, kowanne yana rantsuwa shi ne magaji. Ɓarawo ya yi sata, an sace wa ɓarawo. Kuma jabun ba tsarinsu ɗaya ba. Manhajar wannan ba ta aiki a kan wancan, ko da sunan da ke jikinsu iri ɗaya ne harafi da harafi. Sai ka duba adireshin intanet ɗin da aka buga da ƙananan haruffa a jikin takardar kaset ɗin kafin ka san wace za ka sauke, in kuwa shafin ya mutu, to kai ma ka shiga uku.

Nawa ɗin ma jabu ne, ban sani ba sai daga baya. A Kano na saye shi a 2014, wajen wani mai teburin gyaran waya da ya dafa ƙirji ya ce, "Orijina ne, maigida, in ya ba ka matsala ka dawo da shi." Ranar Asabar ɗin nan da na zura shi a DS ɗin gwanjo, da farko injin bai ma san da zamansa ba. Na ciro, na hura, na ninke 'yar takarda na tokare bayansa don haƙoran su taɓa juna, tsohuwar dabara. Ya tashi, sai ga rubutu a fuskar injin wai kwanan wata ba daidai ba ne ko wa'adin manhaja ya ƙare. Wato masu ƙera shi da gangan suka dasa masa ranar mutuwa, don ka jefar ka sayi sabo. Maganin abin dariya ne: na shiga wajen saita agogo na mayar da shekara 2014, ya buɗe kamar ba shi ba. Kamfanin da ya yi wa abokin cinikinsa haka ba ya buƙatar kotu ta kashe masa kasuwa.

Nintendo ma ba zama ta yi ba. DSi, sabon samfurin DS da ta fito a Nuwamban 2008, ta ƙi karɓar tsofaffin katunan, kuma sau da yawa in an sabunta manhaja sai ta toshe wasu. Masu yin wasanni suka riƙa binne tarko a ciki. Na fi tuna na Pokémon Black da White: wasan zai yi ta tafiya lafiya lau, amma dabbobinka ba za su taɓa ƙara ƙarfi ba, ka kwana kana dambe a banza. Waɗanda suka ci gaba da raya tsohon R4 ma ba kamfani ba ne, 'yan sa-kai ne da suka rubuta manhajoji irin su Wood da YSMenu suka raba kyauta.

Inda nake samun saɓani da abokin aikin nan nawa shi ne hukuncin da yake yanke wa duk wanda ya taɓa riƙe R4. A wurinsa ɓarawo ne, babu wani ƙarin bayani. Ina ce masa yaron Osaka da yaron Kano ba a rana ɗaya aka haife su ba. Shi yana da shago a kowace tashar jirgin ƙasa, ga sabo ga na hannu, in ya gama wasa ya mayar a saya. Mu kuwa wane shago ne a Kano ya taɓa zama wakilin Nintendo? Injin ma a gwanjo yake zuwa, da kaset ɗaya maƙale a ciki in ka yi sa'a. Mun tashi ne da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasanni 9999 a jiki, ka kunna ka tarar guda biyar ne ake ta maimaitawa. Ba mu taɓa ganin na asali ba balle mu ƙi saya. Ban ga cinikin da muka hana kamfanin ba, tunda bai taɓa kasa mana hajarsa ba.

Sai dai wannan hujja tawa tana da iyaka, kuma a gida na ga iyakar. Memorin da na zuba wasannin Japan a cikinsa, irinsa ne 'yan tura suke cika wa mutane da fina-finan Hausa a kan kuɗi kaɗan. Su 'yan fim ɗinmu ai sun kasa hajarsu, a lokacin a Ƙofar Wambai take, kowa ya san hanya. Duk da haka aka bi ta bayan gida, har kasuwar faifai ta durƙushe, masu shiryawa suka koma YouTube suna jiran kuɗin talla. Mutumin da ya ce "ai ba a kawo mana ba" a kan Nintendo, shi ne kuma yake miƙa wayarsa a tura masa fim ɗin maƙwabcinsa. Ni ma na miƙa, ba sau ɗaya ba. Bambancin kawai, Nintendo na da lauyoyi a Tokyo da Landan, furodusan Kano kuwa sai dai ya ce Allah ya isa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda zance ya juya. Nintendo ta kashe hanyar wasa ta intanet ta DS a Mayun 2014, ta rufe shagon sauke wasanni na 3DS, magajiyar DS, a Maris na 2023. Kaset ɗin asali na wasu wasannin, waɗanda a da ake zubarwa a kwando, yanzu a cikin gilashi suke a Nipponbashi da farashin da ya zarce na sabo. Masu tara kayan da sun koma neman R4 na farko, wanda ba shi da ranar mutuwa, suna bambance shi da jabu kamar masu duba zinare.

Daren Asabar ɗin na kira gida ta bidiyo, na nuna wa ɗan yayata injin yana aiki, ina jiran ya yi murna. Ya kalla ya ce, "Kawu, wai duk wannan hura-huren don gem ne? Ai a waya muke yin na DS yanzu." Ya ɗaga wayar babarsa, fuskarta a fashe, ga wasan da na yi rabin sa'a ina lallaɓa kaset kafin ya buɗe yana gudana a kai. Na tambaye shi wa ya saka masa. Ya ce mai cajin waya na bakin layinsu ne ya tura masa, haɗe da fina-finai biyu.