Ɓeran ɗakin gwaji daban, mai ciwon hanta daban

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kwanakin nan shi ne yadda masu tallar maganin “wankin hanta” a Sabon Gari da Samaru suka koyi fakewa da sunan masana. Mutum zai ɗaga jarkar jiƙo, lasifika na kan mota, ya rantse cewa bincike ya tabbatar zogale da zoɓo suna warkar da hanta, jama'a kuwa su yi ta miƙa kuɗi.

Binciken dai akwai shi, an kuma daɗe ana yin irinsa a jami'o'inmu, har da Jami'ar Ahmadu Bello. A mafi yawansa ana ba ɓera ruwan da aka tato daga ganye na wasu kwanaki, gwargwadon nauyinsa, sannan a ɗura masa guba irin su kabon tetrakulorayid ko farasitamol fiye da kima, daga baya a auna ALT da AST, sinadaran da ke kwararowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta suka fashe. Sau da yawa ɓarnar takan ragu, domin wasu sinadaran tsirrai suna kashe kaifin gubar kafin ta cinye bangon ƙwayoyin. Wannan aiki ne mai daraja, kuma ina ganin girmansa.

Amma ɓeran nan ya sha ganyen ne tun kafin gubar ta shige shi, gubar kuma guda ɗaya ce sananniya. Ina haɗinsa da magidancin da ƙwayar cutar hanta nau'in B ta shekara ashirin tana sassaƙarsa, idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura? Ko wanda farasitamol ya yi wa yawa ma, maganinsa yana asibiti, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko, lokacin da ake ɓatawa a gida ana kurɓar tsimi.

Masu cewa ganye ba ya cutarwa su daina yaudarar mutane: a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa tataccen sinadarin koren shayi, idan ya kai miligiram 800 a rana, yana iya taɓa hanta.

Ya kamata NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta sa ido kan waɗannan lasifikoki, masu binciken kuma su fito rediyo su faɗi da Hausa iyakar abin da suka gano. Su ƙara da jan kunne kan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin gubar aflatoksin da ke cikinsu tana jawo kansar hanta.