Ɗalibai, Kada Ku Raina Darasin Nazarin Al'adu

Ni dai a ganina, duk ɗalibin da ya gama jami'a bai taɓa zama a ajin nazarin al'adun ɗan Adam ba, an tauye masa haƙƙi. Ko likitanci ya karanta ko lauya, gobe da jama'a zai yi hulɗa, jama'a kuwa ba tunani ɗaya gare su ba. Harsunan duniya kusan 7,000 ne, fiye da 800 daga ciki a ƙasar Papuwa Sabuwar Gini kaɗai.

Ku duba aikin Evans-Pritchard, Baturen Ingila da ya zauna cikin al'ummar Azande, a yankin da yau yake Sudan ta Kudu, ya fitar da littafi a kansu a 1937. Wani lokaci rumbu kan rufta wa mutanen da ke hutawa a inuwarsa, sai Azande su ce maita ce. Mai gaggawa zai ce jahilci ne. Da ya zauna ya saurare su, sai ya tarar sun sani sarai gara ce ta cinye ginshiƙan rumbun. Abin da suke tambaya daban ne: me ya sa ya faɗi a daidai lokacin da waɗannan mutane ke ƙarƙashinsa, ba jiya ba, ba gobe ba? Gara ba ta amsa wannan. Ba dole sai ka yarda da amsarsu ba, kuma fahimta ba amincewa ba ce, amma daga nan ba ka da bakin cewa ba su da hankali.

Wannan haƙurin zama da mutane, da koyon harshensu kafin a yi magana a kansu, shi Malinowski, wani masanin fannin ɗan asalin Poland, ya kafa a tsibiran Trobriand da ke Papuwa Sabuwar Gini ta yau, tsakanin 1915 da 1918. Masu ɗaukar launin fata mizani kuwa, binciken da masanin ƙwayoyin halitta Richard Lewontin ya yi a 1972 ya ishe su amsa: ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin halittar ɗan Adam yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin 'ya'yanta.

Akwai abin da ke ci mini rai, kuma bai kamata malami ya ɓoye wa ɗalibai ba. Fannin ya girma ne a inuwar mulkin mallaka. Evans-Pritchard ɗin ma gwamnatin mallaka ta Sudan ce ta ɗauki nauyin bincikensa. Don haka a karanta littafinsa da ido biyu, a kuma tambayi wane Ba'azande aka saurara, wane aka bari a waje, musamman matansu.