Antibodi na recoverin ba maganin ido bane

Wasu a nan Jos da sun ji ana bincike kan kalsiyam na cikin ido sai su ɗauka magani ake haɗawa, har a je kemis a Taminus ana tambaya, to wallahi ba haka bane, kuma dan Allah kar wani ya ɗiga antibodi na recoverin a ido. Recoverin furotin ne na cikin ido, antibodin kuma abu ne da ke gane shi. Kayan lab ne, akan zuba antibodin kan siririn yankin retina, wato shimfiɗar can bayan ido mai kama haske, ya manne wa furotin ɗin, sai ƙwayoyin da ke kama haske su fito da kala a madubin likita. Ƙwayoyin nan fa in haske ya buge su kalsiyam ɗinsu raguwa yake yi, recoverin da wani furotin mai suna GCAP ne ke jin raguwar har ido ya saba da hasken.