Laifin mai fyaɗe ba a raba shi biyu

Duk ranar da labarin fyaɗe ya fito, kafin a tambayi ko an kama mutumin, sai ka ji an fara: me ya kai ta ɗakinsa? Wace irin shiga ta yi? Ina uwarta take? Mai laifin kuwa yana gefe yana hutawa, jama'a na yi masa aikin lauya kyauta.

Ni ban ce kada a yi nasiha ba. Uwar da ke ɗora wa 'yar shekara tara farantin gyaɗa ta tura ta tasha bayan magariba, tana cewa kada ta dawo sai ta sayar, akwai magana a kanta, kuma ya kamata a gaya mata tun kafin wani abu ya faru. Amma wannan lissafi dabam ne. Sakacin uwa bai rage wa ƙaton da ya ja yarinyar cikin kango ko ƙwayar zarra daga zunubinsa ba. Idan aka ƙwace wa mutum waya a Kano, ana iya ce masa ya daina fito da ita a lungu da dare, amma ba wanda ke cewa a raba hukuncin tsakaninsa da ɓarawon.

Masu zancen sutura, ku tuna garin Kwanar Ɗangora na jihar Kano a 2020. 'Yan sanda sun kama mutumin da aka zarga da yi wa mata 40 fyaɗe, har da tsohuwa mai shekara 80. Gidajensu yake haurawa. Wace kwalliya tsohuwar nan ta yi?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓarnar da tambayoyin nan ke yi a cikin gida. Yarinya ta san idan ta faɗa ita za a fara duka. Uba ya san za a ce 'yarsa ta lalace, ba mai aure. Sai a tafi zauren mai unguwa a yi sulhu, a karɓi kuɗin magani, a ce a rufa asiri, mutumin ya koma shagonsa washegari.

Dokoki akwai su. Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) tun 2015, Kaduna ma a 2020 ta amince da dandaƙe wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. To amma alƙali ba ya hukunta ƙarar da ba ta zo gabansa ba, kuma bakinmu ne ke tare ta tun daga soro.