Ɓatan wata ba shi ne ciki ba, a gwada kafin a yi guɗa ko a ɗauki bulala

Shekaranjiya bayan la'asar ina shagon ɗinkina a Aboabo, nan cikin Kumasi, ɗaya daga cikin yaran da nake koya wa aiki ta tsaya a bayana tana murza bakin mayafinta. Na ɗauka zare ne ya ƙare mata. Sai da sauran suka fita sayen koko ta sunkuyo ta ce, "Anti, wata biyu ke nan ban ga al'adata ba." Matar aure ce, bikinta ko shekara bai yi ba. Ta ce kullum dare sai ta zauna tana ƙirga kwanaki da yatsu, in ta ƙirga ta sake ƙirgawa. Na ce kin gwada? Ta ce a'a. Na ce me ya hana? Ta ce mai kemis ɗin layinsu tare suke zama da mijinta a majalisa, ba za ta iya buɗe baki ta tambaye shi abin gwajin ciki ba.

Wata biyu cur yarinya tana fama da zullumi a kan abin da minti biyar zai warware, kuma kuɗinsa bai kai na waakye faranti ɗaya ba. Wannan ne ya hana ni barci har na zauna rubuta muku wannan, 'yan uwana mata na Aboabo da Asawase da Sawaba da Tafo Zango, da ku mazajenmu in kun daure kun karanta.

Mu a zango, mace ta yi ɓatan wata, to an gama magana tun kafin ita ta ce komai. In matar aure ce a fara murmushi ana kallon cikinta. In budurwa ce a fara ƙus-ƙus a bakin famfo. Akwai tsofaffin da za su ce miki da sun kalli ƙwayar idon yarinya ko wuyanta sun san ta ɗauka. Ta yi fari, ciki ne. Ta tofar da yawu sau biyu, ciki ne. Ta ƙi cin kifi, ciki ne. Ban raina sanin iyayenmu ba, sau da yawa hasashensu yakan faɗa daidai. Amma lokutan da ya kuskure fa, wa yake biyan kuɗin kuskuren? Ni na biya, shi ya sa nake magana.

Shekara uku na yi a ɗakin mijina ban taɓa ko ɓari ba. Duk wadda ta zauna a gidan haya mai ɗakuna goma sha ta san yadda wannan yake: kowane suna aka yi a gidan sai wata ta miƙo miki jaririn ta ce "Allah ya kawo naki," kina amin kina haɗiye abin da ya tokare miki wuya. Sai ga shi na yi wata ɗaya ban gani ba, na shiga na biyu. Har tashin zuciya na riƙa ji da safe, wallahi ba ƙirƙira na yi ba. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta hana ni ɗaukar bokitin ruwa. Ta sayo atamfa ta ɓoye a ƙasan akwatinta, na gan ta. Ni kuma na ƙi zuwa asibiti saboda kunyar cikin fari, da kuma tsoron kada baki ya kama shi. Sai a wata na uku na je. Aka gwada fitsari, babu. Aka yi sikanin, mahaifa fayau. Na dawo a trotro ina kuka cikin mayafi tun daga tasha har ƙofar gida, ban san da wane baki zan faɗa wa tsohuwar nan ba.

Da na faɗa, sai aka ce cikin kwanciya ya yi. Kun san maganar, kwantaccen ciki, wai yana nan zai tashi in lokacinsa ya yi. Na ƙara wata huɗu ina shan jiƙe-jiƙe don a tashe shi. Da na koma wurin likitar mata ta yi min bayanin abin da ke damuna: wata matsala ce da suke kira PCOS, inda sinadaran jiki ke rikicewa, ƙwai ba ya fita kowane wata, al'ada ta riƙa tsallake watanni. Tana da yawa a cikin mata, kuma tana daga cikin manyan dalilan jinkirin haihuwa. Aka ɗora ni a kan magani, aka ce in rage ƙiba. Yau 'ya'yana uku, alhamdu lillahi. Addu'a ban taɓa sakinta ba kuma ba zan ce wa kowa ta saki ba. Amma watanni bakwai na ɓata ina rainon cikin da babu shi, alhali ciwon da ke akwai yana zaune ba a taɓa shi ba.

To ga abin da na koya a wannan yawon asibitin. Al'ada ba agogo ba ce. Daga ranar da ta fara zuwa ranar da ta gaba za ta fara, kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne, ba dole sai 28 ba. Kuma jikin mace yana jin duk abin da ya same ta. Tashin hankali yana jinkirta ta: rasuwa, rigimar gida, jarrabawa, bashin da ake bin ki. Zazzaɓi mai tsanani ko ramewa farat ɗaya suna yi. Ƙiba tana yi. Ciwon maƙoƙo, wato matsalar wannan ƙullin da ke gaban wuya, yana yi. Yarinyar da ba ta daɗe da fara gani ba, shekarunta na farko al'adar kan zo ta ɓace ta dawo kafin ta daidaita. Matar da ta haura arba'in ita ma takan fara tsallake kafin ta ɗauke gaba ɗaya, galibi tsakanin shekara 45 da 55.

Sai allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku, wadda mata da yawa a cikinmu suke yi ko da ba sa faɗa. Ita kam sananniya ce wajen ɗauke jini, mata masu yawa in sun shekara a kanta ba sa gani sam. Ina jin ana cewa jinin taruwa yake a ciki yana ruɓewa. Ba haka ba ne. Allurar hana bangon mahaifa yin kauri take, to babu abin da zai zubo. Haka ƙwayar gaggawa irin Postinor da ake sha bayan an sadu, tana iya sa al'ada ta zo da wuri ko ta makara a wannan watan.

Wannan duk ban faɗe shi don wata ta kwantar da kai ta ce ai ba ciki ba ne. Idan kina da miji, ko kin san an kusance ki, ciki shi ne abu na farko da za a fara cirewa. Masu shayarwa ku ji wannan da kyau, don a nan kwanika ke shigowa. Shayarwa tana kare mace ne kawai in jaririn bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba. Da ɗaya ya faɗi cikin ukun nan, kariya ta tafi. Ƙwai kuma yana riga jini fitowa, saboda haka mace tana iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba tun haihuwa. Nawa muka gani da goyon wata takwas a baya, na wata uku a gaba, ita ba ta sani ba?

Gwajin kansa babu wuya. Ɗan tsinke ne a leda, kowane kemis yana da shi. Abin da yake nema wani sinadari ne, hCG, da jiki ke fara fitarwa bayan ciki ya zauna a mahaifa. Ki yi daga ranar da ya kamata ki gani ba ki gani ba. In al'adarki ba ta da tsayayyen lokaci, ki ƙirga kwana 21 daga saduwar ƙarshe. Fitsarin farko na asuba ya fi, don bai tsinke da ruwa ba. Ki tara a gwangwani mai tsabta, ki tsoma tsinken iyakar layin da aka zana, ki ajiye, ki duba a cikin mintocin da aka rubuta a ledar. Layi ɗaya babu, layi biyu akwai, ko da na biyun dishi-dishi ne. In ko layi ɗaya bai fito ba, tsinken ya lalace, ki sake wani. In ya nuna babu amma jini bai zo ba, ki maimaita bayan mako. In kin kai wata uku ba ciki ba jini, asibiti za ki, kada ki yi irin zamana.

Akwai abin da ya fi ba ni tsoro a kan wannan jinkirin, kuma na gan shi a ɗakin da ke kallon nawa. Maƙwabciyata ta yi ɓatan wata mako shida ko bakwai, sai ta fara ganin ɗan jini baƙi-baƙi da ciwo a gefe ɗaya na mara. Ta ce al'ada ce ta maƙale, aka haɗa mata maganin wanke ciki. Daren na biyu ta tashi za ta bayi ta yanke jiki ta faɗi. Da na taɓa tafin hannunta sanyi ƙalau, leɓenta ya yi fari, tana cewa kafaɗarta ke ciwo. A tasi muka kwashe ta zuwa asibitin Komfo Anokye, Gee da muke cewa, a daren aka shiga da ita tiyata. Ciki ne ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa, ya fashe, jini yana zuba ta ciki. Allah ya yi da sauran kwananta. Don haka ɓatan wata da ciwo mai tsanani a gefe guda, ko jiri, ko suma, ko zubar jini, ba na jira gari ya waye ba ne.

Ko da lafiyayyen ciki ne, sanin da wuri yana da amfani da ba a dawo da shi daga baya. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna fara haɗuwa ne a makonnin farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana ɗauke da shi ba, shi ya sa ake son a fara ƙwayar folik asid da wuri. Akwai magungunan da mai ciki ba ta sha, mu kuwa da zazzaɓi ya taso sai kemis, a haɗa mana kala huɗu a leda. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a fara awo kafin ciki ya wuce mako 12. Mu sai ya turo riga muke zuwa, wai kada a sani. Kuma tun 2008 mai ciki a Ghana ba ta biyan kuɗin shiga inshorar lafiya ta NHIS.

Yanzu bari in zo kan 'yan mata, don nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Na san yarinya 'yar shekara sha biyar da ta yi wata uku ba ta gani ba. Uwarta ce ta lura audugar da ta saya mata ba ta ragu ba. Ba a tambaye ta ba, aka rufe ɗaki da ita, kawunta ya yi mata dukan da har yau akwai tabo a damtsenta, ana ta faɗi wane ne. Tana rantsuwa ba wanda ya saurara. Da aka kai ta asibiti daga baya, babu komai, jikin yarinta ne bai gama daidaita ba. To amma magana ta riga ta fita gidan. Shekaru sun wuce, har yau in an zo neman aurenta sai an sami mai raɗa wa dangin mijin cewa ai an taɓa yin wata magana. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba. Ku da kuka san girman ƙazafi a addininmu, yaya bakinku yake saurin buɗewa a kan 'yar mutane?

In ma gwaji ya nuna akwai, duka ba ya mayar da shi. Abin da duka ke yi shi ne koya wa ƙannenta cewa duk ranar da suka yi ɓatan wata su rufe bakinsu, su nemi ƙawa, ƙawa ta kai su wurin mai haɗa ƙwayoyi a lungu. Uwa, in 'yarki ba za ta iya zuwa ta ce "Mma, ban gani ba wannan watan" ba tare da jikinta na rawa ba, to wani za ta faɗa wa, kuma ba ke za ki zaɓi wanda za ta faɗa wa ba.

Masu kemis na zango, don Allah abin da aka saya a wurinku ya tsaya a wurinku. Mazaje kuma, kuna iya tsayawa a hanyar dawowa daga kasuwar Kejetia ku sayo wa matanku tsinken nan kamar yadda kuke sayo burodi. Ba a kanta kaɗai abin yake ba.

Ita yarinyar shagona, ni na je na sayo mata guda biyu a wani kemis can wajen Asawase inda ba a san ta ba, na naɗe a ƙyallen atamfa na sa mata a jaka. Jiya da sassafe ta riga kowa zuwa, ta buɗe ƙyallen a kan teburin yanka. Layi biyu ne, jajaye sosai. Ta ce ba ta ma faɗa wa mijin ba tukuna, kunya take ji. Na ce ta faɗa masa da daddare, ta kuma nemo katinta na inshora. Ranar Litinin zan rufe shago da safe in raka ta awo.