Ku bar iyayenmu mata su taka rawa

Akwai wata irin girmamawa da muke yi wa tsofaffinmu mata wadda take cinye musu ƙafafu. Da zarar mace ta haura sittin sai a karɓe mata tsintsiya, a karɓe tukunya, ko buta za ta ɗauka jika ya riga ta. "Hajiya zauna ki huta, ai kin yi naki." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma sakamakon ba ya da kyau. Tsoho namiji yana da masallaci sau biyar a rana, yana da majalisa, yana da kasuwa ko da ba ya sayar da komai. Tsohuwa fa? Daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida. Wadda mijinta ya rasu ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sau da yawa daga nan zaman ya zame mata jiki, ba ta ƙara fita sai gaisuwar mutuwa ko asibiti.

Shi ya sa nake ba da safiyar Asabar ɗina ga aikin sa kai na jagorantar rawar tsofaffi mata a unguwarmu a nan Kano, kuma nake son wasu su yi irinsa a nasu unguwannin. Ba wani baƙon abu muka ɗauko ba. Kiɗan ƙwarya ne, wanda waɗannan iyayen suka tashi da shi a gidan biki da gidan suna tun kafin a san sifika. Ana zuba ruwa a babbar roba, a kifa ƙwarya a kai, a kifa wata a ƙasa, mutum biyu su riƙe 'yan sanduna. Sauran su yi da'ira, mai bayarwa ta bayar, a amsa mata, a taka a hankali.

Tun da na fara maganar nan nake jin "rawa ba ta kamaci tsohuwa ba." Ina girmama masu faɗa, domin mutuncin iyayensu suke karewa. To amma ku zo ku ga yadda abin yake. Mata ne zalla, a cikin gida, ƙofa a rufe. Babu makaɗi namiji, babu liƙi, babu waƙar batsa, habaici ma mun hana saboda akwai kishiyoyi da surukai a cikinmu. Da addu'a muke buɗewa, da ita muke tashi. Mafi yawansu ɗaliban Islamiyya ɗaya ne, kuma sai da muka sanar da malamarsu kafin a buga ƙwaryar farko. Wace tsohuwa ce mutuncinta ya fi zubewa, wadda ta yi tafi ta juya a tsakanin sa'o'inta, ko wadda ta zame a bakin rariya ta karya ƙugu, ta koma sai an ɗaga ta an kwantar, an yi mata tsarki?

Maganar faɗuwa ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura 60 su ne suka fi yawa a ciki. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwa a asibitin ƙashi na Dala, ko ya yi zaryar gidan mai ɗori, ya san karayar tsufa ba ta ɗoruwa kamar ta yaro. A shawarwarin da hukumar ta fitar a 2020 ta ce mai shekara 65 zuwa sama na buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da kuma atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Ku faɗa wa Inna ta yi minti 150 na motsa jiki, za ta ce Allah ya ba da lada ta gyara zama. Ku buga mata ƙwarya da waƙar da aka kai ta ɗakin miji da ita, ku ga ko sai an roƙe ta.

Ba zan ce rawa maganin komai ba ce. A Ostireliya an gwada rawar haɗin gwiwa a kan tsofaffi 530 na tsawon shekara guda, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna rawar kaɗai ba ta rage yawan faɗuwa ba. Saboda haka muke cusa wasu abubuwa a cikin kiɗan: a tashi daga kujera a koma ba tare da dafawa ba, a tsaya da ƙafa ɗaya ana riƙe da bango, a yi tafiya dunduniya na taɓa yatsu. Idan an yi su a kan kiɗa ba wadda take jin aiki take yi. A ɓangaren ƙwaƙwalwa kuma, wani bincike a birnin Niyok da aka buga a 2003 ya bi tsofaffi 469 da suka haura 75, ya gano cewa a cikin nau'o'in motsa jikin da aka duba, rawa ce kaɗai ta zo tare da raguwar haɗarin gigin tsufa. Lura aka yi da rayuwarsu, ba hujja ce yankakkiya ba, amma abin ya shiga hankali: mai rawa tana sauraron kiɗa, tana tuna amshi, tana lura da ta gefenta, tana sarrafa ƙafa, duk a lokaci guda.

Ni kuwa abin da ya fi riƙe ni ba lissafin likitoci ba ne. Akwai wata Gwaggo da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, hannun hagu ba ya ɗaguwa, magana ma da ƙyar take fita. Jikarta ke rako ta, a zaunar da ita a kujera mai majingina. Da farko kallo kawai take yi. Wata Asabar aka ɗauko wata tsohuwar waƙar daka, mai bayarwa ta manta baiti na gaba, ƙwarya na ta tafiya ba murya. Sai Gwaggo ta ɗora. Kalmomin a tauye suke amma a jere, hannunta na dama yana buga cinya daidai da kiɗa. Wata ta rangaɗa guɗa, da'irar ta matso ta kewaye kujerar. Da za su tafi ta kama mayafina ta ce, "'Yar nan, kar a fara ban zo ba." Na ce, "In sha Allahu Gwaggo, sai kin iso." Jikar ta gaya mini tun daren Juma'a take sa a fito mata da zanen da za ta ɗaura.

Mukan ɗauka kaɗaici ciwon Turawa ne, tunda mun ji Birtaniya har minista ta naɗa a kansa a 2018. Gidajenmu cike suke, haka ne. Amma tsohuwa kan wuni a gida mai mutum ashirin ba wanda ya yi hira da ita, in ban da "ina kwana" da "ga abinci." Kowa na kan waya. Sa'o'inta da suka san 'yan matancinta, waɗanda za su kira ta da sunan yanka su tsokane ta, suna can wani lungu su ma a zaune. A ƙasar Sin tsofaffin mata na cika filaye safe da yamma suna rawa a jere, ba wanda ya ce sun zubar da girma. Namu tsarin daban ne, a cikin gida za mu yi, amma buƙatar jiki da ta zuciya iri ɗaya ce.

Ga wadda take son farawa, rawar ita ce ɓangare mafi sauƙi. Wahalar tana cikin shiri. A share filin tas, a kawar da tabarma mai naɗewa da duk inda ruwa ya kwanta, da damina kuwa a duba gansakuka. Silifas mai santsi a cire shi. A tanadi kujeru masu majingina, ban da 'yar tsugunne, domin tashi daga kanta ne ke kawo jiri. A fara da hantsi kafin rana ta yi zafi, a zaune tukuna, a motsa wuya da kafaɗa da idon sawu. Mai ciwon suga kar ta zo da yunwa, mai hawan jini ta sha maganinta. Duk wadda ta ji ƙirji ya riƙe ko numfashi ya sarƙe ta zauna nan take, a kira 'yan gidansu a kai ta asibiti, ba a jira a ga ko zai wuce. Da azumi mukan dakata.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Na farko waya. Ba a ɗaukar hoto ko bidiyo, ko na minti ɗaya. Ranar da fuskar Hajiyar wani ta bayyana a TikTok tana juyi, ranar 'ya'yanta za su hana ta zuwa, su kuma hana maƙwabta, kuma suna da gaskiya. Na biyu cika alkawari. Aikin sa kai a wurinmu ya cika zama na rana ɗaya: a zo ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, a raba atamfa, a tafi sai baɗi. Tsohuwar da ta yi wanka ta ɗaura zane ta dogara sanda ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, da wuya ta sake fitowa. In kin san ba za ki jure ba, ki nemi abokiyar aiki tun farko, yadda in ɗaya ta yi tafiya ɗaya na nan.

Kuma ki sani ba koyar da su za ki je yi ba. Sun fi ki sanin waƙoƙin, sun fi ki sanin takun. Naki shi ne ki rage saurin kiɗa idan kin ga ana haki, ki tsaya kusa da mai rangaji, ki lura da wadda ba ta zo ba ki leƙa ta da yamma.

A yanzu tsakar gidan da aka ara mana ya yi mana kaɗan, akwai iyaye a unguwar gaba da ke son zuwa amma nisan ya fi ƙarfin gwiwoyinsu. Muna neman mai gida mai fili a can da za ta buɗe mana ƙofa, da ma'aikaciyar jinya ko ɗalibar aikin lafiya da za ta riƙa zuwa da abin awon jini ko sau ɗaya a wata. Wadda take da hali ta yi mini magana ta akwatin saƙo.