Tsumman Payatas da hular gwaggona

Tun da karatu ya kawo ni Manila, babban birnin ƙasar Filifin, akwai wani ɗan abin goge ƙafa a ƙofar ɗakina, saƙar ƙyallaye kala-kala. A bakin titi na saye shi, kuma sai da na taya, na sake tayawa, har mai sayarwar ta gaji ta sallama. Na dawo ina jin na iya ciniki. Sai da wata abokiyar karatu ta ba ni labarin matan Payatas na fara jin kunyar wannan tayin.

Payatas unguwa ce a Birnin Quezon, inda a da aka daɗe ana jibge sharar Manila. A Yulin 2000 tsaunin bolar ya zaftare, ya binne mutum sama da 200. A wancan lokacin, a gindin wannan bola iyaye mata ke zaune a gida, suna reno suna saƙa abin goge ƙafa da ragowar yadin masana'antun ɗinki. Ba su ke sayo ƙyallen daga masana'anta ba, ba su ke kai kayan kasuwa ba. 'Yan tsakani ne suka tsare ƙofofin biyu, mace ta wuni tana saƙa ta tashi da abin da bai wuce santi 20 na dalar Amurka ba.

A 2007 wasu matasa, cikinsu har da Reese Fernandez-Ruiz, suka kafa wani kamfani mai suna Rags2Riches. Ba sadaka suka raba ba. Sun haɗa matan da masana'antu kai tsaye, sannan suka jawo Rajo Laurel, wanda ya yi suna wajen zayyana tufafi, ya nuna cewa saƙar da ake takawa za ta iya zama jakar hannu ta gani ta faɗa. Hannu bai canza ba, ƙyalle bai canza ba, kuɗi ne ya canza hanya. Aka kuma koya musu ajiya a banki.

Ina jin wannan sai gwaggona ta Zariya ta faɗo mini a rai. Tun ina yaro take ɗinkin hula. Mai hula ne ke aiko da ƙyalle da zane da zare, ita nata allura da ido. Na sha ganinta bayan la'asar ta matso bakin zaure don neman haske, hular a kan gwiwa, tana ƙirga zare da bakin allura. Hula guda takan ci mata sati uku, wani lokaci har wata. In ta gama, yaro ya kai, ya dawo da abin da aka ga dama.

To amma kada a ce na zo zagin dillalai. Matar da ke cikin kulle ba ta da wata ƙafa a kasuwa sai ta dillaliya ko ta ɗan aike, kuma sau da yawa mai hular ne ke ba ta rance ranar da ciwo ya taso. Shi ma sai ya biya wanki da bugu kafin hular ta hau kanta. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne duhun da aka bar ta a ciki. Matar Payatas a yau ta san inda jakarta ke zuwa. Tamu ba ta ma san garin da hularta ta sauka ba, balle kuɗinta.

Mu masu saye ma da namu. Mutum zai biya kuɗin shadda ba musu, amma ya tsaya rabin awa yana ƙwaƙule ɗari biyu a kan faifai, ya koma gida yana alfahari. Kayan Rags2Riches ba su da araha, ni ɗalibi sai dai kallo, amma masu hali a nan suna saye ba tare da jin an cuce su ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira gwaggo, bayan gaisuwa na tambaye ta nawa ake ba ta yanzu. Ta yi dariya.

"Ɗan nan, yaushe ka fara binciken aljihuna?"

Da ta faɗa, sai na gaya mata nawa ƙanena ya sayi irinta a Abuja da Sallah. Ta yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke. Can sai ta ce, "Sake faɗa, ban ji da kyau ba."